Dattijuwa mai ciwon sukari da azumin Ramadan: a bar ta ta ɗauka ko a hana ta?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 63, kuma shekara tara ke nan da aka gano tana da ciwon sukari. Tana shan ƙwayoyi iri biyu safe da yamma, a jikin kwalayensu an rubuta metformin da glibenclamide, ga kuma maganin hawan jini. A azumin bara sau biyu tana yanke jiki ta faɗi bayan la'asar, a na biyun sai da muka kwana a asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Bana ma ta ce babu mai hana ta azumi, kuma ba ta yarda a huda mata yatsa da rana, wai fitar jini yana karya azumi. Saura kusan wata biyu a ga wata. Mu bar ta ne ko mu hana ta? In kuma za ta yi, yaya za mu yi da magani da abinci?" Daga wata mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan kula. Kin haɗa abu uku a tambaya ɗaya: dalilin faɗuwar bara, ko jikinta zai ɗauki azumin bana, da kuma yadda za a tsara magani da abinci idan an ga zai ɗauka. Abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙar taki shi ne lokacin da kika aiko ta, domin ƙa'idar likitoci ita ce a zauna da mai ciwon sukari mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, alhali yawancin waɗanda nake gani sai ana gobe azumi suke zuwa, wasu kuma sai an ɗauko su ranga-ranga a kwana na uku.

Abin da ya kayar da ita bara

Idan mai lafiya ya ɗauki azumi, jikinsa yana da dabarar riƙe sukarin jini a daidai. Sa'o'i kaɗan bayan sahur, in abin da aka ci ya gama narkewa, sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini zuwa cikin tsoka da sauran gaɓoɓi, yana raguwa da kansa. Sai hanta ta fara fito da sukarin da ta ajiye, kaɗan-kaɗan, har rana ta faɗi. Shi ya sa mai lafiya yake jin yunwa da kasala amma ba ya suma.

Ƙwayoyin Hajiya guda biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Metformin yana rage yawan sukarin da hanta ke zubowa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya ji insulin ɗin da yake da shi, saboda haka in shi kaɗai mutum ke sha da wuya ƙwarai ya kai shi ga faɗuwar sukari mai tsanani. Glibenclamide kuwa, wanda da yawa suka fi sani da sunan Daonil, matsa wa jiki yake yi ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da waɗanda ƙodarsu ta fara rauni. Wanda ya haɗiye shi da sahur, ya ɗora da ɗan kunu ko shayi da burodi, to da azahar abincin ya ƙare amma maganin yana nan yana aikinsa, ajiyar hanta kuma tana ta raguwa. Tsakanin la'asar da magariba ne lissafin ke ƙwacewa. Ban duba Hajiya ba, ban kuma ga takardun kwanciyarta ba, amma lokacin da kika ambata da irin maganin da take sha sun yi daidai da wannan hoton sosai, har zan yi mamaki in aka ce wani abu ne daban. Abu na biyu da zan so a bincika shi ne maganin hawan jinin: idan irin mai sa yawan fitsari ne kuma da sahur take shan sa, yana iya ƙarar da ruwan jikinta ya saukar da jininta, wanda shi ma yana kawo jiri da faɗuwa, balle a zafin bazara irin na Gusau da Sakkwato inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40.

Wannan matsala ba ta Hajiya kaɗai ba ce. Wani babban bincike da ake kira EPIDIAR, wanda aka yi a kan azumin shekarar 2001 a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, ya bi mutum fiye da 12,000 masu ciwon sukari. Ya gano cewa kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu na ciwon, wato irin na Hajiya, sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani a tsakaninsu ta ninka kusan sau bakwai da rabi a cikin watan idan aka kwatanta da sauran watanni. Darasin da likitoci suka ɗauka daga nan shi ne mutane za su yi azumi ko an hana su, don haka hani kawai ba ya tsare kowa. Shiri ne ke tsarewa.

Wa ya kamata ya ajiye azumi

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, tare da ƙawancen likitocin da ke nazarin ciwon sukari da Ramadan, sun fitar da jagora a 2016, suka sabunta shi a 2021, inda ake auna haɗarin kowane mutum a sa shi a mataki na ƙasa, na tsakiya ko na sama. Waɗanda nake gaya wa kai tsaye su ajiye azumi su ne wanda sukarinsa ya faɗi har ya suma ko aka kwantar da shi a 'yan watannin da suka gabata, da wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa, da wanda ya daina jin alamun faɗuwar har sai ya tsinci kansa a ƙasa, da mai ciwon ƙoda da ya yi nisa ko ake wanke masa ita, da mai juna biyu da ke allurar insulin, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai nau'i na ɗaya, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin, in sukarinsa bai daidaita ba, da tsoho mai rauni da ke zaune shi kaɗai.

A ina Hajiya ta faɗa? Suma sau biyu a azumi ɗaya babban gargaɗi ne, kuma ra'ayina a fili yake: da waɗannan magunguna a yadda take shan su yanzu, kada ta ɗauki azumi ko na kwana ɗaya. Sai dai wannan ba shi ne ƙarshen magana ba, tunda abin da ya fi yiwuwa ya kayar da ita abu ne da ake iya sauyawa. Ku kai ta asibitin da take zuwa a cikin makon nan, a yi mata gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarinta na wata biyu zuwa uku da suka wuce, a kuma gwada ƙoda ta jini da fitsari, a auna hawan jini tana zaune da kuma tana tsaye. Ga yawancin manya ana son HbA1c ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100, amma ga dattijai masu tarihin faɗuwar sukari mukan sassauta zuwa kusan 8, domin suma ɗaya tana iya yi wa tsoho ɓarnar da 'yar hauhawar sukari ta shekara ba za ta yi ba: karayar ƙugu, bugun kai, ko tashin ciwon zuciya. Idan ƙodar tana da kyau, kuma tun bara Hajiya ba ta sake faɗuwa ba, ƙofar azumi ba ta rufe ba. Idan kuwa gwajin ya nuna ƙodar ta taɓu sosai, ko kuma ta kan ji jiri da rawar jiki ko ba azumi, shawarata ita ce ta ajiye.

Maganar addini da huda yatsa

Ni likita ne, ba na ba da fatawa, amma na koyi cewa in ban taɓa wannan ɓangaren ba duk abin da na faɗa a ɗakin duba marasa lafiya a nan ake barin sa. Sauƙin da aka yi wa marar lafiya yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185: ya sha ya rama a wasu kwanaki, kuma Allah Yana nufin sauƙi gare mu, ba Ya nufin tsanani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan ciwon sukari da azumi a Sharja a 2009, ta kuma jingina hukuncin a kan matakin haɗarin da likita ya gani, har ta ce waɗanda azumi ke jefa su cikin babban haɗari su sha. Tun a zamanta na Jidda a 1997 majalisar ta bayyana cewa allurar magani a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, ban da ruwan da ake ƙarawa don ya maye gurbin abinci. Ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa kuwa, malaman da suka yi aiki tare da likitoci a kan jagorar IDF da na ambata sun tabbatar ba ya karya azumi.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada 'ya'ya su zama su ne masu gardama da uwa a kan addini, domin da wuya ta karɓa daga bakin wanda ta goya. Ki nemi malamin da take girmamawa, ko malamar Islamiyyarsu, ki kai masa bayanin likita a rubuce, shi ya gaya mata. Shi ne kuma zai fayyace mata ko ramuwa ce a kanta ko ciyarwa. Na taɓa samun wani dattijo da ya shekara uku yana ƙin gwaji da rana, duk bayanina bai shige shi ba, sai da limamin unguwarsu, wanda shi ma ciwon yake fama da shi, ya huda nasa yatsan a gabansa bayan sallar azahar. Ga wanda zai iya ramawa, kwanakin hunturu na Disamba da Janairu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga gajartar yini ga rashin ƙishirwa, kuma ana iya yin su a rarrabe.

Sharaɗina ga duk mai shan irin waɗannan magunguna ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi: wanda bai yarda da gwaji da rana ba, bai kuma yarda zai karya azumi in awo ya nuna haɗari ba, ban yarda ya ɗauka ba.

Idan likitanta ya amince ta gwada

Gyaran magani aikin likitan da ke riƙe da katinta ne, kada ku yi shi a gida ko a shagon sayar da magani. Zan dai faɗi abin da aka saba yi don ki san abin da za ki tambaya. Glibenclamide mukan cire shi gaba ɗaya ga mai shekarunta, a maye shi da ɗan'uwansa mai sauƙin haɗari kamar gliclazide, a ba da babban kason da buɗa-baki, na sahur kuma a rage shi ko a ɗauke. Akwai wasu sababbin ƙwayoyi irin su sitagliptin da vildagliptin waɗanda da wuya su faɗar da sukari, sun kuma dace da azumi sosai, illa dai tsada, kuma na san a halin da ake ciki ba kowane gida ne zai iya ɗaukar su wata da wata ba. Metformin yawanci ana barin adadinsa na yini yadda yake, a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Maganin hawan jini mai sa fitsari akan mayar da shi bayan shan ruwa ko a sauya shi. Masu allurar insulin da aka gauraya, irin Mixtard, su ma akan juya musu: cikakken kaso da magariba, na sahur a rage shi da kwata zuwa rabi.

Amfanin yin wannan sauyi da wuri shi ne a gwada shi kafin watan ya kama. Nakan sa marasa lafiyata su yi azumin Litinin da Alhamis biyu ko uku a Sha'aban da sabon tsarin, suna awo suna rubutawa a littafi, su kawo mini. Wannan littafin ya fi duk wani hasashe nawa gaskiya. In ta wuce kwanakin gwajin lafiya, sai a shiga Ramadan da ƙwarin gwiwa. In sukarin ya riƙa sauka tun kafin la'asar, ita da kanta za ta gani a rubuce, kuma gardamar ta ƙare ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

A makon farko a yi awo kafin sahur, da hantsi, da azahar, da la'asar, da dab da shan ruwa, da kuma sa'a biyu bayan buɗa-baki. Na san tsinken gwaji kuɗi ne. In ba za a iya duka ba, kada a bar na azahar da na bayan la'asar, da duk lokacin da ta ce jikinta ba daidai ba. Na'urorin da ke kasuwa iri biyu ne, wasu suna nuna manyan lambobi kamar 110, wasu ƙanana kamar 6.1, kuma ana samun babbar lamba ne in an ninka ƙaramar sau 18. Ki duba irin taku ki rubuta waɗannan lambobi biyu a jikin bango inda kowa zai gani: in awo ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya na'urar, a karya azumi nan take ko da saura minti goma a kira sallah. In ya haura 300, wato kusan 16.7, shi ma a karya, a sha ruwa, a nemi likita. In ya faɗa tsakanin 70 da 90, wato 3.9 zuwa 5.0, a sake awo cikin sa'a ɗaya, ta kuma zauna a inuwa ta bar aiki.

Wannan maganar ta minti goma ita ce ta fi wuyar karɓuwa, kuma a nan ne na fi ganin an yi asara. Mutum zai ce ya jure tun asuba, ba zai zubar da azuminsa don ɗan abin da ya rage ba. Amma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun sukari, da abin da jini ya kawo mata a lokacin take aiki, kuma in sukari ya fara gangarowa saboda magani ba ya jiran ladan. Alamun da za ku lura da su su ne rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, gani dishi-dishi, da kuma sauyin hali: dattijuwa mai haƙuri ta fara faɗa ba dalili, ko ta riƙa maimaita magana, ko ta yi shiru tana kallon wuri ɗaya. Tsofaffi da suka daɗe da ciwon sukan tsallake rawar jikin su faɗa ruɗewa kai tsaye, shi ya sa bai kamata a bar ta ita kaɗai a ɗaki daga la'asar zuwa magariba ba. In tana cikin hayyacinta, a dama babban cokali ɗaya na sukari a ruwa a ba ta, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15, a maimaita in bai hau ba, sannan ta ci abinci mai riƙe ciki. In ta suma, kada a ɗura mata komai a baki don kada ya shige huhu. A kwantar da ita a gefenta a garzaya asibiti, a kuma tafi da kwalayen magungunanta. Ko ta farfaɗo a hanya kada a juyo gida, domin faɗuwar da glibenclamide ya jawo tana iya dawowa bayan sa'o'i.

Buɗa-baki da sahur

Haɗarin rana shi ne sukari ya faɗi, na dare kuwa shi ne ya yi sama, kuma teburin shan ruwanmu kamar an shirya shi ne don haka. A zama ɗaya za a sha kunun tsamiya ko na gyaɗa da aka zuba wa sukari, a bi da zoɓo mai zaƙi, a ci ƙosai da soyayyen dankali da doya, sannan bayan asham a zauna wa tuwo ko shinkafa. Ba na hana kowa kunu, domin na san dokar da ba za a bi ba ba ta da amfani. Ta buɗa baki da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, ta sha kunu ƙaramin kofi ɗaya ba sukari, kuma zuma ba mafita ba ce tunda ita ma tana ɗaga sukarin jini. Zoɓo a yi mata nata daban ba zaƙi. Alale ya fi mata ƙosai saboda mai, kwaɗon zogale ko na rama kuwa ta ci yadda take so. Abincin dare a raba faranti: rabi ganye da miya irin kuka ko kuɓewa ko taushe, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata tuwo, wato malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta.

A nan zan ɗan ratse, saboda kusan kullum sai an tambaye ni: tuwon alkama da acca ba magani ba ne. Hatsi ne kamar dawa da gero, kuma wanda ya cika kwano da tuwon alkama sukarinsa zai hau kamar yadda zai hau da na masara. Yawan abin da aka ci da kuma ko an bar wa hatsin dusarsa su ne abin dubawa. Haka nan jiƙe-jiƙen shuwaka da garahuni da ake yawaita sha a wannan wata, ba su maye gurbin magani, kuma haɗa su da ƙwayar da ke saukar da sukari a cikin azumi ƙarin haɗari ne da ba a iya aunawa.

Sahur kada ta tsallake shi ko da ba ta jin yunwa, kuma a jinkirta shi zuwa dab da asuba, wanda dama shi ne sunna. A ba ta abin da ke daɗewa a ciki: wake, ɗanwake, alale da ƙwai, tuwon dawa ko na gero da miyar ganye, ko fura kaɗan da nono mai yawa ba sukari. Shayi mai zaƙi da farin burodi shi ne mafi munin sahur ga irinta, yana ɗaga sukari da sauri ya sake shi tun hantsi. Ruwa kuma a rarraba shi daga magariba zuwa sahur, kofi takwas ko fiye in likita bai taƙaita mata ba saboda zuciya ko ƙoda, maimakon a ɗura shi gaba ɗaya da asuba. Ƙarancin ruwa tare da hauhawar sukari yana iya jefa tsoho cikin wata irin suma mai haɗarin gaske, wadda ke farawa da yawan fitsari, bushewar baki da yawan barci. Asham ta ishe ta motsa jiki. Aikin murhu da rana tsaka da zirga-zirgar bayan la'asar a ɗauke mata su, in kuma za ta tsaya tahajjud a goman ƙarshe ta yi awo kafin ta fita, ta tafi da ruwa da dabino a jaka.

Ranar sallah tsarin magani na azumi ya ƙare, saboda haka tun a zaman farko ki sa likita ya rubuta muku yadda za ta koma shan sa daga ranar ɗaya ga Shawwal, a takarda ɗaya da tsarin Ramadan. In tana da niyyar sitta Shawwal, a bari sai an koma asibiti da littafin awon watan an duba shi tukuna.